Sai Kowa Ya Zauna

Shekara bakwai yayana ya yi a Jidda yana aiki a kicin ɗin wani mutumin Sham, kuma da ya dawo Gusau ba mu ga gwal ba, ba mu ga darduma mai laushi ba. Abin da ya kawo mana kwaɗon gurasa ne. Shi fattush yake ce masa, yana wani jan sunan a baki kamar a can aka yanke masa cibi. Inna, mahaifiyarmu, ta leƙa kwanon a ranar farko ta taɓe baki ta ce, "Wanga ai kwaɗo ne, sai dai an hana shi ƙuli." Muka yi ta dariya. Amma ita ta fara neman ƙari.

Ni ce autar gidan, mu biyu kaɗai Inna ta haifa muka rayu, kuma Baba ya daɗe da rasuwa. Don haka ni Yaya ya kama da koyarwa, ni da matarsa, wata 'yar Bungudu mai sanyin hali da ya aura shekara guda bayan dawowarsa. Ita komai ya ce sai ta ce to. Ni kuwa ban iya wannan ba, komai sai na ji dalili, shi ya sa kullum muna cikin musu a bakin murhu.

Gurasar a gida ake yi, kuma ba ta ranar ake amfani da ita ba. Yau za a kwaɓa fulawa da yis da gishiri da ruwan ɗumi, a rufe ta tashi, a murza ta fale-fale, a gasa a busasshen kasko har ta kumbura. Sai a jera a faifai a bar ta ta kwana. Gobe a yayyage ta da hannu, wuƙa ba ta taɓa ta, a soya a ɗan mai har ta yi ja ta yi ƙamas. Ganyen kuwa latas ne da tumatir da gurji da albasa mai lawashi da na'a-na'a, a yanka manya-manya. A daka tafarnuwa da gishiri, a matse lemun tsami, a zuba mai. Akwai wani jan gari mai tsami da Larabawa ke barbaɗawa, wanda Yaya ya zo da shi a kwalba. Da ya ƙare sai ya sa aka daka busasshen soɓorodo aka tankaɗe, ya ɗanɗana, ya ce wallahi namu ya fi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Doka ɗaya ce Yaya ba ya wasa da ita: ba a zuba gurasa a cikin ganye sai mutum na ƙarshe ya zauna. In ta riga mutane shiga, ruwan tumatir da lemo su jiƙa ta, ta yi laɓo-laɓo, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Soyayyar gurasar tana cikin wata langa mai murfi a gefensa. Sai ya duba tabarma, ya ɗora hannu a kan murfin, ya tambaya da ƙarfi, "Kowa ya zauna?" Sai mun amsa masa kafin ya buɗe. Wata rana yunwa ta ci ni na juye gurasar yana wurin alwala. Kai, ranar na sha magana! Ya ce ni da haƙuri ko a hanya ba mu taɓa gamuwa ba, kuma duk mijin da ya kwashe ni shi zai fara zuwa yi masa jaje.

Mutum ɗaya yake karya wa dokar. Inna haƙoranta na ƙasa sun zube, ba ta iya tauna abu mai tauri. Sai ya ɗebi nata a ƙaramin kwano tun da wuri, ya jiƙa shi da romon ganyen ya ajiye a gefe. In na ce, "A'a, malam mai doka, wannan fa?" sai ya ce, "Ke, ki haifi kamata tukuna, a jiƙa miki."

A wani azumin bazara kawunmu na Bilbis, can wajen Tsafe, ya kwanta rashin lafiya, Yaya ya ce zai je ya duba shi ya dawo a ranar. Kafin ya fita da hantsi ya soya gurasar da kansa, ya rufe langa, ya ce da mu, "Ku yanka komai kafin magariba. Gurasar kar wanda ya taɓa sai na zo." Ya kalle ni musamman da ya faɗi haka, na murguɗa masa baki.

Bayan azahar na je kasuwa na tarar gurjin duk ya yi yaushi. Sai na kira shi a waya. Ya ce ya gama gaisuwa, yana shirin fitowa tasha. Na ce tunda yana can ya biya lambun Kawu ya tsinko mana sabo, har da latas. Ya ce lambun da nisa, rana za ta yi masa, kuma kowa ya san hanyar Tsafe ba a son yamma ta riski mutum a kanta. Ni kuma da bakina na ce, "Haba Yaya, kai da ka ƙetare teku, lambu ne zai gagare ka?" Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Allah shi shirye ki." Ya kashe wayar.

Aka kira magariba bai zo ba. Muka sha ruwa da dabino, muka yi salla, muka dawo muka zauna a gaban kwanon ganye. Inna ta ce a dakata masa. Wayarsa ta yi ta ringin ba a ɗauka, daga baya ta koma a kashe. Ganyen ya kwanta a ruwansa har ya yi baƙi, langa tana gefe a rufe.

Washegari mutanen tasha suka zo. An ga motar a gefen titi tsakanin Tsafe da Gusau, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki. 'Yan bindiga sun kwashe su duka sun shiga daji da su. Wani dattijo a cikin waɗanda suka zo ya miƙo mana buhu, ya ce a but ɗin motar aka same shi, kuma wanda ya yi lodi ya shaida na Yaya ne. Na kwance bakin buhun. Gurji ne da latas, har da ƙasar lambu a jikin saiwar.

Gidajen sauran fasinjojin an kira su a waya ana neman kuɗin fansa. Mu ba wanda ya kira mu, kuma wannan ya fi komai cin rai. Bayan wata uku wasu daga cikin fasinjojin suka fito, muka bi su gida-gida. Duk magana ɗaya suka yi: a kwana na uku an raba su kashi biyu, an yi gaba da Yaya da wasu mutum biyu, daga nan ba wanda ya sake ganinsu. Ba gawa, ba labari. Ba mu yi zaman makoki ba, don Inna ta ce ba a yi wa mai rai makoki.

Langar nan Inna ta ɗora ta a kan kabad ɗinta. Da man ya fara wari na ce a zubar, ta ce a sake soya wata, kar ya zo ya tarar da tsohuwa. Daga nan abin ya zama ka'ida. Duk Alhamis a gasa gurasa, duk Juma'a a soya, a yanka ganye, a shimfiɗa tabarma, a ajiye cokalinsa. Mu ci ganye zalla da romonsa, langa tana gefe a rufe, ba mai taɓawa. Da safe a kai gurasar maƙwabta sadaka. In azumi ya zo kuwa kullum ne. Har yaran unguwa suka san gidanmu da gidan soyayyar gurasa, mu da ke ciki ba mu ƙara sa ta a baki ba.

Ba zan ce Inna kaɗai ke jira ba, ƙarya zan yi. Ni ma in mai babur ya tsaya a ƙofar gida gab da magariba sai wuƙa ta tsaya a hannuna. Akwai wani maƙwabcinmu da sallamarsa ke kama da ta Yaya, har na tsani mutumin ba laifin komai. In ina yayyaga gurasa ina jin muryarsa a bayana, "Manya-manya, ke, ba tsaba za ki ba kaji ba." Sau da yawa na waiga. Lambarsa ban daina kira ba, sai a shekara ta biyu wata rana aka ɗauka. Na ce, "Yaya?" Wata mata ce ta amsa da wani yare, an sayar mata da layin. Ban gaya wa kowa ba, kamar yadda ban gaya wa kowa zancen lambun ba.

A cikin shekarun nan ni na yi aure, Kawu ya yi min walicci. Na tare a unguwar da ke bayan tamu, na haihu, na yaye, na sake samun ciki. Duk Juma'a ina zuwa gida yankan ganye. Matar Yaya kuwa tana nan inda ya bar ta. Ba ta da miji a ɗaki, ba ta da takardar saki, ba a ce mata mijinki ya rasu ba balle ta yi takaba ta fita. Ko ɗa ba su samu ba kafin ya tafi. Tana da shekara ashirin da huɗu ya fita, ina kallo ta doshi talatin tana murza gurasar da ba za ta ci ba.

Mahaifinta ya yi abin da ya kamata. Tun a watannin farko ya kai maganar gaban alƙali, aka yi cigiya, aka ce ta jira shekara huɗu kamar yadda shari'a ta tanada wa matar wanda ya ɓata. In sun cika ba labari, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan ta zama 'yar kanta. Shekara huɗun suka cika da damina. Mahaifinta ya zo daga Bungudu ya zauna a zaure, ya yi wa Inna magana cikin ladabi. Inna ta ce daga bayan labule, "Malam, ɗiyarka ce, ban riƙe ta ba. In ta so ta bi ka yanzu." Matar Yaya kuma ta ce ba za ta fara takaba ba sai Inna ta ce ta fara. Ta ce in ta cire ɗan kunne ta daina kwalli a gaban tsohuwar nan, kamar ta shiga ɗaki ne ta ce mata ɗanki ya mutu, kuma ita ba za ta iya ba. Dattijon ya zo sau uku, sau uku yana komawa shi kaɗai.

Na same ta a kicin na yi mata faɗa. Na ce, "Ke wace irin mutum ce? Inna ba za ta taɓa furta cewa ya mutu ba, sai ki tsufa a nan? Wa zai ba ki lada a kan wannan?" Ta ci gaba da murza gurasa, ta ce, "Ke kin furta?" Na fita ina ƙunƙuni.

Azumi na biyar ya kama. A rana ta shida ina tsugune ina yanka tumatir, cikina ya tsufa, bayana kamar zai ɓalle, ga zafi. Matar Yaya ta sunkuya tana kwashe gurasa daga mai, ɗankwalinta ya zame, sai na ga furfura a gaban goshinta. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na jefar da wuƙar na nufi ɗakin Inna, ko sallama ban yi ba.

Tana zaune a kan buzu tana jan carbi. Na ce, "Inna, sai yaushe?"

Ta ce, "Mi?"

Na ce, "Sai yaushe za ki saki yarinyar mutane? Furfura ta fito mata a gidanki. Kin ce ba ki riƙe ta ba, alhali duk Juma'a kina sa ta soya wa mijinta gurasa. Wannan in ba riƙo ba ne mene ne?"

Ban taɓa yi wa Inna magana haka ba. Ta dube ni ta ce a hankali, "Shi ya ce kar a taɓa sai ya zo. Ke ma kina wurin."

Nan bakina ya kwance, abin da na ɓoye shekara biyar ya fito. Na ce ina wurin, kuma ni na hana shi zuwa. Na gaya mata zancen wayar, da gurjin da ya yi yaushi, da maganar teku da na yi masa. Na ce da ban kira shi ba da tun da sauran rana zai shiga mota, da yana nan yana cika mana kunne. Na ce, "In mai laifi kike nema ga ni, ni za ki tsare. Ita ba ta yi komai ba." Ina faɗa ina kuka, ina jira ta tsine min, don a ganina na cancanta.

Ta ci gaba da jan carbi. Sannan ta ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

Ta ce, "Ya kira ni daga lambun. Ya ce auta ta aike shi, in gaya miki ya samo manya, ki shirya baki." Ta ajiye carbin. "Na ce mishi tunda ya je, shi biya gidan ƙanwata shi karɓo min daddawa. Ya ce rana ta yi, na ce minti nawa ne. Ke kin aike shi lambu, ni na ƙara mishi hanya. Daddawar tana ƙasan buhun, ba ki gani ba, ni na cire ta."

Shekara biyar muna ci a kwano ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu iri ɗaya. Ta ce, "In na ce ya mutu, to ni na kashe shi. Shi ya sa ban faɗi ba." Na ce, "Inna, ba ke ba ce, ba ni ba ce. Waɗanda suka tare hanya su ne." Na faɗa ne don ita, amma ranar na fara jin maganar ta shiga kunnena ni ma. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce in je in ƙarasa yankan, magariba ta kusa.

Aka kira salla, muka sha ruwa, muka yi salla, muka zauna a tsakar gida mu uku. Kwanon ganye a tsakiya, an barbaɗa garin soɓorodo, na'a-na'a tana ƙamshi. Matar Yaya ta ajiye cokalinsa a inda ta saba, ta ajiye langa a gefe, ta miƙa hannu za ta fara raba ganyen. Inna ta ce, "Dakata, ɗiyata. Miƙo min langar."

Ta ɗora ta a cinya. Ta juya ta kalli ƙofar zaure, mu ma muka kalla. Wani babur ya wuce a waje bai tsaya ba. Labulen zauren ya ɗan motsa da iska ya koma. Na rantse a lokacin nan ba abin da nake so a duniya kamar in ji sallamarsa, ko da zai zage ni ne.

Inna ta ɗora hannu a kan murfin. Ta ce, "Kowa ya zauna?"

Ni na kasa. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Shirun ya yi tsawo, har na ɗauka haka za mu tashi. Sai matar Yaya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce a fili, "Kowa ya zauna, Inna."

Inna ta buɗe ta juye gurasar duka a kan ganyen. Na manta yadda ƙararta take in ta zubo. Ta gauraya da hannunta, ta ɗauke cokalin Yaya daga tabarma ta miƙa min, ta ce in kai kicin in haɗa da sauran. Sannan ta ce da matar Yaya, "Gobe in Allah ya kai mu ki cire 'yan kunnen. Ki aika wa mahaifinki. Allah shi jiƙan shi, ke kuma Allah shi ba ki wanda zai riƙe ki." Muka ce amin. Karo na farko ke nan da aka yi masa wannan addu'ar a gidanmu.

Muka sa hannu. Gurasar ta yi ƙamas yadda yake so, tsamin ya ji daidai, ina tauna ina hawaye. Sai na lura Inna ta ɗauki guda ɗaya tana ta juya ta a baki, ta kasa taunawa. Shekara biyar ba a zuba gurasa ba, duk mun manta da ƙaramin kwanon. Yaya kaɗai ke tunawa da shi.

Matar Yaya ta tashi ta ɗauko kwanon daga kicin, ta ɗebi na Inna, ta tsiyaya masa romo ta rufe. Ta ce, "Ki ɗan jira, Inna, yanzu zai yi laushi." Inna ta ce to. Muka janye hannuwanmu daga babban kwanon muka jira ta, namu ma ya jiƙe.